Yadda Ake Sa wa Land Cruiser 80 Shaf ɗin Gaba Mai Ƙarfi

Toyota ta ƙera Land Cruiser samfurin 80 a Japan daga 1990 zuwa 1997, amma har yau tana cikin motocin da ake dogaro da su wajen ratsa lakar damina da rairayin hamada, musamman a yankin Agadas inda ake ce wa irinta kat-kat. Aksul ɗinta na gaba dunƙulalle ne, wato bututun ƙarfe guda mai ɗauke da difaransha, giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyi biyu, kuma a cikinsa akwai shaf biyu, gajere a dama da dogo a hagu, domin tulun difaranshar ya karkata zuwa dama. A bakin kowane shaf akwai gaɓar da ake kira Birfield, wadda makanikai suka fi sani da kan shaf. Ƙwallayen ƙarfe shida ne a cikinta, zaune cikin keji, kuma su ne ke bai wa taya damar karɓar ƙarfin inji ko da an karya sitiyari. Wannan gaɓa ce ke fara fashewa idan an sa wa mota manyan tayoyi, aka kulle difaransha, aka karya sitiyari har ƙarshe, sannan aka taka totur domin fita daga rami.

Kafin ka kashe kuɗinka, ka tabbata kana bukatar wannan aiki. Shaf mai ƙarfi, irin wanda ake sayarwa da sunan Longfield ko RCV, galibi da ƙarfen 4340 ake ƙera shi, wanda aka gauraya da nikel da kuromiyam da molibdenam, kuma fa'idarsa ita ce yakan ɗan murɗe ya koma daidai a inda na asali zai tsage. Sai dai fuskarsa ba ta kai ta Toyota tauri ba, saboda haka a motar da ƙafafunta huɗu ke ja a kowane lokaci ya fi saurin cinyewa, ya fara ƙas-ƙas a kwana. A ganina, wanda tayarsa ba ta wuce inci 33 ba, kuma ba ya kulle difaranshar gaba, na asali ya ishe shi. Wanda ya kai inci 35 yana kuma ɗaukar kaya a mugun wuri, shi ne wannan bayani ya fi shafa. Ya kuma sani cewa idan kan shaf ya daina fashewa, wahalar takan koma kan haƙoran difaranshar gaba, wadda faifanta inci 8 ne kawai, kuma ta fi rauni lokacin da ake jan nauyi da giyar baya.

Kayan da za ka tanada

Abu na farko shi ne shaf ɗin kansa, kuma a nan ne ake yin kuskure mafi tsada, domin yawanci daga Amurka ko Ostiraliya ake yin odarsa, mayar da shi kuwa wahala ce. Kan shaf na asali a samfurin 80 haƙora 24 gare shi a inda yake haɗuwa da sandar ciki, masu ƙarfin kuma akwai mai 24 akwai mai 30. Mai 24 zai hau tsohuwar sandarka, amma mai 30 dole ne ya zo da tasa sandar, kuma shi na fi so, tunda an riga an buɗe wurin. Ka gaya wa mai sayarwa shekarar motar, da ko tana da birkin ABS, domin mai ABS tana da zobe mai haƙora a jikin kan shaf. Ka gaya masa ko tana da makullin difaransha na kamfani, da kuma ko cibiyar tayarta mai murɗawa da hannu ce ko kuwa faifai ne a ɗaure, saboda tsawon bakin shaf ɗin motocin farko ya bambanta da na motocin baya.

Tare da shi ka sayi cikakken kunshin gyaran gwiwa, wato gidan ƙarfen da ke rufe kan shaf yake kuma juyawa da taya idan an karya sitiyari, wanda ya ƙunshi sil ɗin mai na cikin bututu, da sil ɗin bayan cibiya, da boris ɗin gwiwa na sama da na ƙasa, da soso da roba da zoben ƙarfe na bayan gwiwa, da gaskit, da washa mai kunnuwa, da sababbin kilif. Sil ɗin ciki ka nemi na Toyota na asali ko da sauran kayan na wani kamfani ne. Giris iri biyu ake bukata: baƙi mai molibdenam, kimanin kilo ɗaya da rabi, na kan shaf da cikin gwiwa, sai kuma na boris ɗin taya. Man giya mai lamba GL-5 80W-90 lita uku ya isa, domin difaranshar gaba ba ta wuce lita 2.8.

Na aiki kuwa akwai jak da matokaran ƙarfe biyu, da soket mai lamba 10, 12, 14, 17 da 24, da babban soket mai lamba 54 na notin cibiya, da sifana mai awon ɗauri, da filayar buɗe kilif, da guduma da sandar tagulla, da abin cire kan tayarod, da ƙaramin sikelin rataye irin na awon kaya, da kananzir da tsummoki masu yawa, fiye da yadda kake zato. Idan soket mai lamba 54 bai samu ba, gara ka ara ko ka sa mai walda ya haɗa maka daga bututu, a kan ka bi notin da kurfi da guduma. Idan babu sandar tagulla, guntun alminiyam mai kauri zai yi. Wanda bai taɓa yi ba ya ware kwana biyu, ya kuma gama gefe ɗaya kafin ya taɓa ɗayan, domin wanda bai kwance ba ya zama masa abin dubawa.

Matakan aiki

1. Ka tsayar da mota a daɓe mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya. Idan tana da makullin difaranshar gaba, ka kulle shi tun yanzu domin kayan cikinsa su zauna daram bayan an zare shaf. Ka sassauta notin taya, ka ɗaga aksul, ka ɗora shi a kan matokaran ƙarfe, ba a kan jak ko bulo ba, saboda za a yi duka da girgiza. Ka tsiyaye man difaransha, amma ka fara buɗe murfin zubawa na sama kafin na ƙasa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na saman ya ƙi kwancewa. Ka duba man da ya fito: idan ya yi kauri ya yi toka-toka, giris ya riga ya shiga cikinsa.

2. Ka cire taya, ka kwance kusoshi biyu masu lamba 17 da ke riƙe da maƙallin birki, ka rataye shi da waya a jikin sifirin, kada ka bar shi yana lilo a jikin tiyonsa. Idan akwai ABS, ka zare ƙaramar na'urarsa daga saman gwiwa a hankali, domin kan shaf zai karya bakinta idan aka bar ta.

3. Idan cibiyar mai murɗawa ce, ka mayar da ita inda take sake, ka cire murfinta mai kusoshi shida. Idan faifai ne, ka ɓamɓare ƙaramin murfin ƙarfen da ke tsakiya. A duka biyun za ka ga kilif a bakin shaf, ka cire shi. Sai noti shida masu lamba 12, waɗanda a ƙarƙashin kowannensu akwai washa mai siffar mazurari da ke maƙalewa kamar an yi mata walda. Ka sassauta noti har ya yi daidai da kan kusa, ka ɗora sandar tagulla a kai, ka buga da guduma, washar za ta yi tsalle ta fito. Kada ka cusa sukudireba tsakanin faifai da cibiya, kada kuma ka doki gefen faifan da guduma, domin idan fuskar ta lalace ruwa zai riƙa shiga ta nan.

4. Ka miƙe kunnen washar da aka lanƙwasa, ka kwance notin waje mai lamba 54, ka cire washar, ka kwance na ciki, sannan washa mai kauri da boris ɗin waje. Ka jawo cibiya tare da faifan birki da hannu biyu, nauyi gare ta. Bayanta akwai kusoshi takwas da ke riƙe da sil ɗin ƙura da garkuwar birki da sandar da boris ke hawa. Ka kwance su, ka ɗan bubbuga sandar da tagulla ta fito. Ka leƙa cikinta ka duba bushin ko ƙaramin boris ɗin da bakin shaf ke juyawa a kai, idan ya cinye ka sauya shi, in ba haka ba sabon shaf zai riƙa rawa.

5. Ka kwashe giris da hannu har ka ga jikin kan shaf. Yana da gefe biyu da aka shafe, ka juya shi har ɗaya ya kalli sama ɗaya ƙasa, sannan ka jawo, zai fito tare da sandarsa. Ka ajiye tsohon kusa da sabon a kan benci, ka gwada tsawo, ka ƙirga haƙoran kowane baki, ka zura faifan cibiya a bakin sabon ka ga ya shiga. Idan akwai saɓani, a nan ya kamata aikin ya tsaya.

6. Akwai masu tsayawa a nan su zura sabon shaf su rufe, kuma ana iya yin haka a daji idan larura ta kama. A gareji ban yarda da shi ba, domin boris ɗin gwiwa da ya cinye yakan sa shaf ya kauce daga tsakiya, ya ci sil cikin 'yan watanni. Ka cire kan tayarod, ka kwance ƙananan kusoshin da ke riƙe da soso a bayan gwiwa, ka cire murfin boris na sama, sannan hannun sitiyari na ƙasa, wanda shi ma yana da washa mai mazurari. A ƙarƙashin murfin sama akwai siraran ƙarafa da ake kira shim. Ka ɗaure na kowane gefe da waya a jikin murfinsa, kada su gauraye, saboda kaurinsu ne ke tsayar da matsin boris. Ka wanke gwiwar da ƙwallon bakin aksul da kananzir, idan akwai tsatsa a ƙwallon ka goge da takardar yashi mai laushi, sannan ka fitar da tsofaffin zoben boris da sandar tagulla ka buga sababbi har su zauna.

7. Yanzu sai sil ɗin mai na cikin bututu, wanda duk ƙanƙantarsa shi ne ke raba man difaransha da giris ɗin gwiwa. Idan ya mutu, su biyun sukan haɗu su zama wata baƙar miya da ke tsiyaya ta bayan taya, kan shaf kuma ya rasa abin da ke kare shi. Ka ɓamɓaro tsohon ba tare da ka karce mazauninsa ba. Sabon ka sa shi da ɓangaren sifirin yana kallon ciki, wajen mai, ka cika bayan sifirin da giris domin kada ya faɗo lokacin bugu, ka kuma tura shi da abin da ya yi daidai da faɗinsa, kamar babban soket ko guntun bututu, a miƙe ba a karkace ba. Na taɓa gama wannan aiki gaba ɗaya da magariba, ina sauri in sallami mai mota, bayan mako biyu ya dawo mai ya jiƙe cikin tayar hagu. Da na sake kwancewa sai na tarar da sifirin ɗin sil ɗin a kwance cikin bututu, ya faɗo tun ranar ban lura ba, kuma duk abin da ke cikin matakan nan sai da na maimaita shi saboda wannan ɗan zobe. Tun daga nan nake haska tocila in shafa leɓen da yatsa kafin in ci gaba. Ka kuma cire mashaƙar iska da ke saman bututun aksul ka busa ta, domin idan laka ta toshe ta, zafi zai tura mai ya keta ko da sabon sil ne.

8. Kafin gwiwa ta koma, ka zura soso a bayan ƙwallon, sannan roba, sannan zoben ƙarfe, ka bar su a rataye. Wanda ya manta da wannan sai ya sake cire gwiwa. Ka cusa baƙin giris cikin sababbin boris, ka mayar da gwiwar da shim ɗinta, ka ɗaure sama da ƙasa zuwa 96 Nm, wato awon ɗaurin da sifana mai awo ke nunawa. Kusoshin ƙasa na hannun sitiyari sun yi suna wajen sassaucewa a wannan mota, don haka ka tabbata kowace ta zauna cikin gwiwa sosai kafin noti ya hau. Sai ka maƙala sikeli a bakin hannun sitiyari ka ja: ya kamata gwiwar ta motsa tsakanin kilo 2.5 da 4.5, kuma ana yin awon ne kafin a ɗaure soso da tayarod. Idan ya gaza haka a rage shim, idan ya zarce a ƙara. Bayan nan ka ɗaure soso, ba da ƙarfi ba, kusoshinsa ba su da wuyar karyewa.

9. Wasu shaf ɗin a haɗe suke zuwa, wasu a rabe. Idan a rabe ne, ka cusa baƙin giris cikin kan shaf ta ramin tsakiya har ya ɓullo tsakanin ƙwallaye, ka sa sabon kilif a ramin da ke bakin sanda, ka matse shi da maɗaurin tiyo, ka tura sandar har ka ji ta kama. Wanda zai yi amfani da tsohuwar sanda sai ya raba ta da tsohon kai, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a zura sandar cikin dogon bututu, kan yana zaune a bakinsa, a cusa tsumma a ƙasa, a ɗaga a buga a kan katako har kilif ya karye sandar ta faɗa. Amma ka duba inda leɓen sil ke gogarta, idan ya yi mata rami ba ta da sauran amfani.

10. Ka shafa giris a leɓen sil da haƙoran sanda, ka zura ta kana tallafe da ita, kada nauyinta ya kwanta a kan sil, musamman doguwar ta hagu. Idan ta kusa ƙarshe za ta tokare. Ka danna kan shaf ƙasa kaɗan domin bakin ciki ya ɗago, wani kuma ya riƙa juya farfela, wato sandar da ke kawo ƙarfi zuwa difaransha, a hankali har haƙora su haɗu, gefen da aka shafe yana kallon sama da ƙasa kamar yadda ya fito. Wasu masu ƙarfin sun ɗan fi na asali kauri. Idan ya ƙi wucewa kada ka buga shi, ka zaro, ka toshe bututu da tsumma, ka ɗan goge inda yake tokarewa da magagari, ka wanke garin ƙarfen tas. Bayan ya zauna ka cika gwiwa da baƙin giris zuwa kashi uku cikin huɗu.

11. Ka mayar da sandar boris da sabon gaskit, da garkuwar birki da sil ɗin ƙura, ka ɗaure kusoshi takwas ɗin zuwa 47 Nm. Ka wanke boris ɗin taya, ka duba su, ka cusa musu nasu giris ɗin, ka sa sabon sil a bayan cibiya, ka ɗora ta. Ɗaurin notin ciki yana da ƙa'ida: ka kai shi 59 Nm, ka juya cibiya gaba da baya sau da yawa domin boris ya zauna, ka sassauta har ya juyu da hannu, sannan ka sake ɗaurewa zuwa 5.4 Nm kacal. Sai sabuwar washa mai kunnuwa da notin waje zuwa 64 Nm. Ka maƙala sikeli a kusar taya ka ja, ana son kilo 2.9 zuwa 5.7. Idan ya yi, ka lanƙwasa kunne ɗaya ciki ɗaya waje. Wanda ba shi da sifana mai awo zai iya dogara da sikelin a nan, amma don ɗaurin gwiwa da na birki gara ya ara.

12. Ka mayar da faifan cibiya da washoshinsa, noti zuwa 35 Nm, ko 31 idan mai murɗawa ce. Bakin shaf yana da rami mai zare, ka ɗaura kusa mai kaurin milimita 8 ka jawo shi waje domin ramin kilif ya bayyana, ka sa sabon kilif. Maƙallin birki 123 Nm ne. Ka mayar da tayarod da sabon fil, da na'urar ABS, ka zuba man giya har ya fara dawowa ta ramin zubawa. Kafin mota ta motsa ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri, idan kuma ka buɗe tiyo sai an fitar da iska.

Gwaji da abin da ke biyo baya

Tun mota tana sama ka karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu kana juya taya da hannu. Idan ka ji tana cijewa a ƙarshen kwana, ka ɗan fito da kusar da ke tsayar da sitiyari a jikin gwiwa, domin kan shaf ya fi rauni a inda ya fi lanƙwasa, ko na wane ƙarfe ne. Bayan an sauke ta ka nemi fili mai ƙasa ko yashi, ba kwalta ba, ka sa ƙaramar giya ka yi zagaye a hankali ta kowane ɓangare kana saurare. Ka yi tafiyar kilomita goma ka taɓa cibiya: ɗumi ba laifi, amma idan hannu ba ya iya zama a kai, boris ya matsu da yawa. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita ka sake ɗaga ta, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, ka bi notin hannun sitiyari da sifana, ka leƙa bayan gwiwa ko akwai alamar mai.

A saman gwiwa akwai ƙaramin murfi mai kai murabba'i da ake ƙara giris ta cikinsa, wasu shaf ɗin kuma an huda su an sa musu bakin giris a tsakiya. Ƙarfen 4340 ya fi na asali son giris, saboda haka ka riƙa dubawa duk lokacin da aka juye baƙin mai, da kuma bayan kowace ratsa ruwa mai zurfi. Tsofaffin shaf ɗin, idan ba su fashe ba, ka wanke su ka cika da giris ka naɗe a leda, ka rubuta dama da hagu, ka ajiye a bayan mota tare da soket mai lamba 54 da kilif biyu.